Direban da ba ya tuƙa mota

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau kwamfuta ta ba ni wahala, kuma da na bi diddigi sai na tarar rabin laifin nawa ne. Bari in rubuta tun ban manta ba, don na san halina, wata rana zan sake faɗawa ramin nan.

Yaya ya sayi fili a bayan gari, ƙafa 50 a 50, ya ɗora mini zana masa gidan. Ni ba akitek ba ne, abin dai ya shiga raina ne tun ina makaranta. Da Sweet Home 3D nake aiki, manhaja ce ta kyauta: kana jan bango a sama, a ƙasa tana tayar maka da ginin kamar ka shiga ciki. Mun yi da Yaya zai zo da matarsa bayan la'asar su gani, saboda ranar Litinin magini zai fara haƙa harsashi.

Ƙarfe 8 na safe na danna manhajar. Ta yi kamar za ta buɗe, sai ga saƙo cewa dole ta rufe saboda matsala a ɓangaren 3D, in sabunta direban katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da allo ke nunawa. Na karanta, amma ban ji ba. Na sake dannawa har sau uku, kamar mai buga ƙofar gidan da ya san ba kowa. Daga nan na goge ta na sake sakawa, na sauko da wata tsohuwarta na gwada, duk kanwar ja ce. Har na fara zargin fayil ɗin gidan ne ya lalace, gabana ya faɗi, don aikin sati uku ne. Awa biyu cur na kashe a haka, shayina ya huce a gefe.

Abin haushin shi ne alamun sun fi kwana bakwai a gabana. Makon jiya na kai laftop ɗin wurin wani mai gyara, ya canza mata ma'ajiya ya zuba sabuwar Windows 10. Tun da na karɓo ta na lura komai ya yi faɗi a allon, da'ira ta koma kamar ƙwai, maɓallin rage haske kuma ya daina aiki, sai dai in riƙa ƙanƙance ido da daddare. Na ce sabon zubi ne, za ta daidaita. Ina ta daidaita!

Sai wajen ƙarfe 10 na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin cikin kwamfuta, na duba ƙarƙashin Display adapters. Maimakon sunan katin hotona, abin da ke wurin shi ne Microsoft Basic Display Adapter. Nan na dafe kai. Wannan direban wucin gadi ne da Windows ke sawa idan ba ta samu na ainihi ba, don dai allo ya nuna wani abu ka samu hanyar gyara. Shi ya sa allon nawa, wanda asalinsa 1366 a 768 ne, ya maƙale a 1024 a 768 yana miƙe hotuna. Mai gyaran bai saka direban ba, ni kuma na hana kwamfutar sabunta kanta don tsoron ta cinye mini data. Mun haɗu mun yi aika-aika.

Ana cikin haka Yaya ya kira. Na ce masa akwai 'yar matsala, direba ne babu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wane direba kuma? Ai ni zan tuƙo mu da kaina." Na yi dariya har da tari. Na ce, "Yaya, ba na mota ba ne, tafinta ne." Kuma da na ajiye wayar na ga bayanin ya zauna daidai. Manhajar ba ta magana da katin hoto kai tsaye. Tana faɗin abin da take so a zana da wani yare da ake kira OpenGL, direba ne ke juya shi zuwa abin da katin ke ganewa. Idan ba direba, abin da Windows ke da shi na kanta OpenGL 1.1 ne, tsohon yayi na shekarun 1990, kuma furosesa ce ke ɗaukar nauyin zanen, katin na zaune bai san ana yi ba. Rubutu da kallon hotuna za su tafi a haka, shi ya sa ban farga ba. Tayar da gini mai bango da inuwa kuwa ya fi ƙarfinsa.

Kuskurena na biyu garaje ne. Na tuna akwai tambarin NVIDIA, kamfanin ƙera katin hoto, manne kusa da maɓallan, sai na garzaya na sauko da direbansa ta hotspot ɗin wayata, ina kallon data tana zuba kamar ruwa a kwando. Da na zo sakawa ya ce a fara saka na Intel tukuna. Ashe irin wannan laftop kati biyu gare ta. Akwai ƙarami na Intel a cikin furosesa, mai tattalin batir, kuma shi ne ke haɗe da allon. Akwai babban, na NVIDIA, wanda ke farkawa idan aiki ya yi nauyi, ya zana ya miƙa wa ƙaramin ya nuna. Tsarin da suke kira Optimus ke nan. Babba ba ya shiga sai ta ƙofar ƙarami, kamar baƙo da yaron gida.

Daidai lokacin aka ɗauke wuta, batir yana kashi 40. Na rasa yadda zan rage haske, tunda maɓallin ma direban yake jira.

Na juya laftop ɗin na karanto lambar samfurinta a takardar da ke manne a ƙasa, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, na zaɓi direban Intel na Windows 10 mai 64-bit. Na fi son na shafin mai laftop ɗin a kan tsofaffin injina irin nawa, don shi aka gwada a kanta. Ana tsakiyar sakawa allon ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, numfashina ya tsaya, sai ya dawo tas, rubutu ƙanana masu kaifi, da'ira ta koma da'ira. Na kashe na kunna, na saka na NVIDIA, na sake kashewa na kunna, sannan na tafi masallaci sallar azahar da sauran batir kashi 11.

An kawo wuta wajen ƙarfe 3. Manhajar ta buɗe, gidan Yaya ya miƙe tsaye, ko bulo ɗaya bai ɓace ba. Sai dai idan na juya shi yana ɗan ɗingishi. Na leƙa Task Manager, mai nuna aikin da kwamfuta ke yi, na ga ƙaramin katin ne ke ta fama shi kaɗai. Na shiga saitin Graphics na ce a ba manhajar babban kati, ba abin da ya canza. Sai can na tuna da yaren kwamfuta na Java aka rubuta ta, don haka abin da ke gudana a zahiri javaw.exe ne, fayil ɗin da ke tafiyar da manhajojin Java. Na nemo shi cikin jakar manhajar na ba shi High performance. Fankar laftop ɗin ta ɗauki kuka, gidan kuma ya riƙa juyawa sumul.

Sun iso bayan la'asar. Yaya zanen sama ya tsaya dubawa, yana ƙirga ɗakuna da yatsa: zaure, shagon samari, falo, ɗaki uku, kicin, banɗaki biyu. Ya ce ya yi. Anti kuwa ba ta ko kalli layukan ba, ta ce, "Mijin nawa, shigar da ni ciki in gani." Na koma yanayin da mutum ke tafiya a ƙasa kamar da ƙafarsa, na tsaya a bakin titi, na shiga zaure.

Ta ce, "Tsaya nan. Mene ne wancan?"

Ƙofar zaure ta ciki ta yi saiti da ta waje, ta kuma yi saiti da ƙofar kicin. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida zai hango tsakar gida har murhu. Sati uku ina kallon zanen daga sama ban gani ba, Yaya ma bai gani ba. Ta ce, "Wato mai ruwa da almajiri duk su san abin da na ɗora?" Yaya ya sosa ƙeya ya kalle ni, ni kuma na kalli kwamfuta.

Nan take na matsar da ƙofar ciki zuwa kusurwar hagu, na ƙara ɗan bango ya kare. Ta sa na sake shiga daga titi sau biyu kafin ta yarda. Ta kuma ce tagar kicin ta yi ƙanƙanta, hayaƙi zai kashe ta. Wannan sai gobe.

Direbobin biyu na kwafe su a filas na jefa cikin durowa. Datar wata guda ta tafi a yini ɗaya, na faɗa wa Yaya, ya ce in sa a lissafin siminti.