Kwaroron roba huɗu a kan tebur

Ina da wata biyu da fara aiki a wani asibitin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i a Landan, sai wani matashi ya shigo ɗakina da safiyar Litinin. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, yana ta tauna haƙora, hannunsa na rawa a kan gwiwa. Rabonsa da barci tun daren Juma'a. Na bi takardar tambayoyi layi-layi, har na zo kan ko yana amfani da kwaroron roba. Ya ce kullum. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da guda huɗu, ko ɗaya ba a yage ba, ya jera su a kan tebur. "Da su na fita," in ji shi, "ban tuna da su ba sai yau."

Shekara tara na yi ina aikin jinya a gida kafin in zo nan, kuma nasihar kwaroron roba na haddace ta. Ita na karanto masa, ya yi ta gyaɗa kai, ya tafi. Wata abokiyar aiki da ta daɗe a harkar ta duba abin da na rubuta, ta tambaye ni yaushe ne saduwarsa ta farko. Ban tambaya ba. Maganin PEP, wanda ake sha kwana 28 don tare ƙwayar HIV bayan an yi saduwa mai haɗari, dole a fara shi cikin awa 72. Yaron ya riga ya cinye kusan awa 60. Jikina na ɓari na buga masa waya, Allah ya sa ya ɗauka, ya dawo kafin la'asar.

Abin da ya fito daga ciki shi ne wanda ake kira chemsex, sunan da ake danganta wa marigayi David Stuart, wanda ya yi aiki a asibitin 56 Dean Street da ke Landan kuma ya rasu a 2022. Maza masu neman maza ne ke haɗuwa, galibi ta manhajojin waya, su sha ƙwaya musamman domin jima'i. Uku suka fi yawa: mefedron, da ruwan nan GHB ko GBL da suke ce wa G, da kuma met, wanda a Najeriya aka sani da ais, a ƙasar Ibo kuma mkpuru mmiri. Met yana korar barci da yunwa da kunya baki ɗaya, sai zaman awa biyu ya koma kwana uku, da mutane da yawa. Jiki ya bushe, fata ta yi ƙananan tsagu waɗanda cuta ke bi. Gaba ya ƙi tsayawa, kwaroron ya sulluɓe, a ƙarshe a daina sa shi. G kuwa tazarar da ke tsakanin maye da suma ƙanƙanuwa ce, balle in ya haɗu da giya. Wanda ya suma ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, kuma na ji labarai daga bakin waɗanda suka farka da ban iya maimaita su.

A nan na gane cewa ina ba da shawara ga mutumin da ke gabana ranar Litinin, alhali wanda zai yanke hukunci ƙarfe uku na daren Asabar wani ne daban. Tun ran gini tun ran zane. Yanzu kariyar da ake shiryawa kafin ƙwaya ta shiga jini nake fara nema. PrEP, maganin da marar HIV ke sha tun kafin saduwa don kare kansa, wanda binciken PROUD a Ingila ya nuna a 2015 yana rage kamuwa da HIV da kashi 86 cikin ɗari, kyauta ake ba da shi nan tun 2020. Ba ya hana ciwon sanyi ko tunjere, don haka ban daina ba da kwaroron roba ba, tare da man santsi na ruwa, domin basilin yana lalata roba. Mai ɗauke da HIV mukan sa ƙararrawar shan magani a wayarsa tare, saboda a irin waɗannan kwanaki ake tsallake shi. Mai yin allura ina gaya masa sirinji ba abin aro ba ne, ciwon hanta nau'in C ta nan yake shiga.

Darasin da ya fi yi mini nauyi a fuskata yake. Wata rana wani ɗan Najeriya ya ga hijabina da sunana a ƙirji, ya tsaya a bakin ƙofa. Da Hausa ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa: "Anti, ko akwai wata?" Na fahimce shi. Ya fito daga ƙasar da dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma ya san abin da bakin mutanenmu ke iya yi. Na ce masa, "Ƙanina, akwai, zan kira maka in kana so. Amma abin da ka faɗa a ɗakin nan amana ce." Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya zauna.

Ya ce shi bai taɓa kusantar namiji da hankalinsa garau ba. Sai ya sha yake daina jin muryar mahaifinsa a kai. Imanina yana nan inda yake, ban kuma ɓoye shi ba, sai dai da na ɓata rai ko na furta salati a lokacin, da ƙofar ta rufe, ya koma can ba magani ba gwaji. Na haɗa shi da masu taimaka wa masu son rage ƙwaya, ya je sau biyu, ya daina, ya sake komawa. Duk wata uku yana zuwa gwajin jini da karɓar PrEP, kuma ni yake tambaya a wurin rajista.