Alfonso: "Al" ɗin nan ba na Larabci ba ne

Idan zan bi diddigin sunan Bature, ba na farawa da yadda ake rubuta shi yau. Tsohuwar takarda nake fara nema. Haka na yi da Alfonso, sunan da mutanen Sifaniya da Italiya ke raɗa wa 'ya'yansu maza.

Duk wanda kunnensa ya saba da Larabci, da ya ji "Al" a gaba, ya kuma tuna Musulmi sun yi mulki a Andalus, a ƙasar Sifaniya, daga 711 zuwa 1492, sai ya ce shi ke nan, Balaraben suna ne. Nan ake zamewa. A takardun Latin na masarautar Asturiyas da ke arewacin Sifaniya, inda Alfonso na Farko ya yi sarauta daga 739 zuwa 757, Adefonsus ake rubutawa, da "d". Na leƙa wajen malaman tarihi na Larabawa, na tarar da Azfunsh, da harafin zalun (ذ) a gurbin "d" ɗin. Haka suka kira Alfonso na Shida, wanda ya ci Toledo a 1085, Yusuf bin Tashfin, sarkin Musulmi daga Maroko, kuma ya karya lagonsa a yaƙin Zallaƙa a 1086. Akwai masu rubuta Alfunsh, amma wannan zalun ɗin ya isa shaida: baƙon suna ne a bakinsu.

Daga nan sai na raba shi biyu. Asalinsa harshen Bisigot ne, wata ƙabilar Jamusawa da ta mulki Sifaniya kafin zuwan Musulmi. Gutsuren ƙarshe, "funs", ba gardama a kansa: shiryayye, mai zumuɗi. Na farkon ne masana suka rabu. Mafi yawa sun ce "adal" ne, wato ɗan asali. Wasu sun ce kalmar yaƙi ce. Wani abin da ke rikita lissafi shi ne Ildefonso, sunan limamin Toledo da ya rasu a 667. Tushensa daban, "hild", yaƙi, amma an sha cakuɗa su.

Ma'ana kaɗai ba ta yaɗa suna, don haka nakan duba wa ya ɗauke shi ya kai wata ƙasa. A Italiya, sarauta da coci ne suka yi aikin. Alfonso na Biyar, sarkin Aragon ta Sifaniya, ya kama Napoli, birni a kudancin Italiya, a 1442. Sai Alfonso de' Liguori, haifaffen 1696 a gefen Napoli, wanda Katolika suka ɗauka waliyyi, suna bikinsa ran 1 ga Agusta. Shi ya sa sunan ya fi kama ƙasa a kudancin Italiya.

In ka ci karo da Alonso, ko Afonso na Fotugal, ko Alphonse na Faransa, ka sa su layi ɗaya da shi.