Asabar: na koma ga littattafan tafiya sararin sama

Yau Asabar, babu zuwa makaranta, kuma tun da hantsi zafin bazarar Sakkwato ya nuna cewa ba ranar yawo ba ce. Yayata ta aiko ɗanta daga gidanmu na Ƙofar Rini da wata tsohuwar adakar marigayi mahaifinmu, ta ce in duba takardun da ke ciki kafin gara ta gama da su. A ƙarƙashin takardun gona na tarar da littattafai biyu da na karanta ina ɗan sakandare. Ɗaya shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ɗayan kuwa taƙaitacciyar fassarar Turanci ce ta labarin da Bafaranshen nan Jules Verne ya rubuta a 1865 game da tafiya duniyar wata. Na ture sauran takardun gefe, na shimfiɗa tabarma a zaure inda iska ke ɗan shigowa, na zauna karatu.

Da na Verne na fara, kuma da yake yanzu koyar da kimiyyar lissafi ce sana'ata, ban yi nisa ba sai da na ɗauko biro. A labarin, an haƙa wata ƙatuwar igwa mai tsawon kusan mita 270 a cikin ƙasa a jihar Florida ta Amurka, aka sanya mutum uku a cikin harsashin, aka harba su. Marubucin ya san cewa duk abin da zai kuɓuce wa jan ƙasa sai ya yi gudun kimanin kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan daidai ne. Matsalar ita ce a kai wannan gudun a cikin tazarar da ba ta wuce tsawon igwar ba. Da na buga lissafin, sai na ga nauyin da zai danne matafiyan a lokacin harbin ya haura nauyin jikinsu sau dubu ashirin, alhali matuƙin jirgin yaƙi ma da ƙyar yake jure sau tara na ɗan lokaci. Wato da sun mutu tun kafin harsashin ya leƙo daga bakin igwar. Shi ya sa roka ta gaskiya take ɗaukar man da za ta ƙona ta tafi da shi, tana ƙara gudu sannu a hankali cikin mintuna.

Duk da haka ban ji haushin littafin ba, domin abin da ya dace da gaskiya a cikinsa ba kaɗan ba ne. Kumbon Apollo 11 daga Florida ɗin ya tashi ranar 16 ga Yuli 1969, da mutum uku a ciki, aka sauka a kan wata ranar 20 ga watan, lokacin da bai yi nisa da awa 97 da minti 20 da Verne ya ƙiyasta ba. Ya zaɓi Florida ne don yana son wurin da wata zai iya tsayawa daidai bisa kai, abin da ba ya faruwa sai a ƙasashen da ba su wuce digiri 28 daga layin da ya raba duniya biyu ba. Na yi murmushi a nan, domin Sakkwato tana kan digiri 13 ne, don haka bisa ƙa'idarsa da a bayan Dange aka haƙa igwar ma da ta yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babin farko, wanda a da nake tsallakewa don in kai ga harbin. Mutanen da suka shirya tafiyar 'yan wata ƙungiya ce ta maƙeran igwa a birnin Baltimore, waɗanda yaƙin basasar Amurka ya ƙare ya bar su ba aikin yi, yawancinsu ba hannu ko ba ƙafa, suna zaune suna ƙorafin cewa zaman lafiya ya kashe musu kasuwa. Ba son ilmi ne ya ja hankalinsu zuwa wata ba, neman abin da za su harba ne. Ina yaro na ɗauke su jarumai, yau kuwa na ga ashe ba'a marubucin yake yi musu tun daga shafin farko. Kuma ba'ar ta zama tarihi, tunda Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai Amurkawa wata, shi ne ya ƙera wa Jamus rokar V-2 da aka yi ta jefa wa Landan a Yaƙin Duniya na Biyu. A ganina, hasashen da ya yi kan halin mutane ya fi wanda ya yi kan ƙarafa inganci.

Bayan la'asar na ɗauki na Dembo. An buga shi a Zariya a 1969, shekarar da aka taka wata, kuma labari ne na wani yaro mai suna Kilba da wata halitta daga sama, Kolin Koliyo, ta ɗauka zuwa yawo a sararin samaniya. Wannan ban taɓa biro a kansa ba, domin ba a rubuta shi don a yi masa lissafi ba. Hausarsa mai sauƙi ce, labarin yana tafiya da sauri, kuma babba zai gama shi a zama ɗaya. Amma na tuna abin da ya yi mini a wancan lokaci: a duk littattafan irin wannan da ke ɗakin karatun makarantarmu, Turawa ne kawai ke hawa sama, sai a wannan na ga yaro mai magana da harshena an tafi da shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne hanyar da ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Lokacin da rubutun ƙagaggun labarai ya bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, mafi yawan marubuta soyayya da zaman aure suka fuskanta, kuma ban ga laifinsu ba, amma ƙasar da ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, NigeriaSat-1, tun 2003 ta cancanci yaranta su sami irin waɗannan labarai fiye da ɗaya ko biyu.

Gab da magariba 'yata ta fari ta zo ta zauna, na ba ta labarin igwar a taƙaice. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, to mi ya hana su kira gida su ce sun isa?" Na bayyana mata cewa a 1865 babu rediyo, sai a shekarun 1890 aka fara aika saƙo ba tare da waya ba, don haka mutanen labarin wani ƙaton madubin hangen nesa suka kafa a kan dutse suna bin harsashin da ido. Ta yi dariya ƙwarai, ta ce wanda ya iya tunanin zuwa wata amma bai iya tunanin wayar hannu ba, tunaninsa da saura. Ban musa mata ba. Ta ɗauki na Dembo ta shiga ciki da shi, bayan na gargaɗe ta cewa bangon ya kusa rabuwa.

Bayan isha na rubuta tambayar da zan ba 'yan ajin ƙarshe ranar Litinin. Zan ba su tsawon igwar da gudun da ake buƙata, su nemo nauyin da zai danne matafiyan, sannan su faɗa mini tsawon da igwar za ta kai idan ana so mutum ya fito da ransa. Amsar ta haura kilomita 600, kuma ina so su gano hakan da kansu.