Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da ke Kwance a Gindin Tanki

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya ɗauko ni daga Mai Wurno zuwa garejinsa a Wad Madani, a ƙasar Sudan. Shekarun farko ba abin faɗi, aike ne da wankin sifana. Maganarsa ɗaya ce ta zauna mini: "Kafin ka taɓa famfon mai, tambayi kwalba."

Tsofaffin Bedford masu ɗauko dawa da riɗi daga Gadarif kusan ciwonsu ɗaya. Mota na tafiya lafiya, da ta kama hawa da kaya sai ta shaƙe ta mutu, a bar ta ta huta, ta tashi kamar ba ita ba. Direba ya rantse famfo ne. Kawu ko kallonsa ba ya yi, sai ya kwanta ƙarƙashi, ya sassauta notin gindin tanki, ya tari man a farar kwalba, ya ajiye mu sha shayi. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya. Jan gari tsatsa ce: direba na kwana da rabin tanki, raɓa ta taru ciki tana cin ƙarfe. Mai ƙaras-ƙaras a yatsa yashi ne, daga durom ɗin bakin hanya, ko murfin da aka maye da tsumma. Wanda Kawu ya fi tsana baƙin yauƙin nan mai wari da ke tsirowa inda ruwa ya haɗu da mai. Sa sabuwar filta, kwana kaɗan ta toshe.

Shi ya sa har gobe abin da mijin 'yar Baffa ya yi mini yake ci mini rai. Kawu ya rasu a lokacin, Allah ya jiƙansa. Motarsa ta kamu da irin wannan ciwo, na ce, "Yaya, tanki ne." Na ja tiyo daga jarka kai tsaye, mota ta tashi tana ruri a gabansa. Ya ce, "Kai yaro, yaushe ka san mota?" Ya kai ta Khartum aka kwance famfo, kuɗi suka tafi, a dawowa ta mutu kafin Hasahisa. Maimakon kunya, sai ya bi dangi wai ni na zuba masa ƙasa a tanki. Ni da na tashi a hannun Kawu! Ko a Jidda, da furfura a gemuna, wata gwaggo ta taɓa yi mini wannan gorin a gidan suna.

Tambayi kwalba, Yaya. Kwalbar tasa na kai wa Baffa da hannuna, laka har yatsa biyu, amma Baffa ya ce a bar maganar saboda zumunci.

Yadda na bar Madani kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.