Wasiƙa daga Landan: Babur ɗin da ba ya goyo

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gajiya, ina iyali?

Tun da ƙanena ya nuna wa dangi hoton abin da nake haɗawa a gareji, tambayoyi ba su yanke ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Kawu: "Kai yaro, babur ba kariya, ba wurin goyo, to ina mai ɗakinka za ta zauna?" Shi ya sa na ce bari in rubuto gaba ɗaya, kowa ya ji.

Irin wannan babur Turawan nan suna ce masa kafe-resa, wato babur ɗin tsere daga wannan shagon shayi zuwa wancan. Samarin Ingila ne suka ƙirƙiro shi a shekarun 1950 da 1960. Babbar matattararsu Ace Cafe ce, a bakin titin North Circular a arewa maso yammacin Landan, shagon da aka buɗe a 1938 saboda direbobin manyan motoci. Burin kowane yaro a lokacin ya taka mil 100 a awa, kusan kilomita 160. Kuɗin sayen babur ɗin tsere babu, sai su cire duk wani abu mai nauyi, su sauke kan babur ƙasa har ƙirji ya kusa taɓa tanki, su mayar da matakan ƙafa baya, su bar mazaunin mutum ɗaya tak. Wasu ma injin Triumph suke ɗorawa a jikin Norton, su kira shi Triton. An rufe shagon a 1969, shekarar da Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, babur ɗin da ya taimaka wajen durƙusar da kamfanonin baburan Ingila. An sake buɗe shi a 2001, kuma yanzu in ka je za ka tarar da tsofaffin baburan Japan an yi musu shigar waɗanda suka kashe wa kasuwa.

Nawa Honda CB550 ne na 1976, ƙanen wancan, shi ma silinda huɗu, giya biyar. A wurin wani dattijo na saye shi, ya fi shekara ashirin a jingine a rumfar bayan gida. Da na buɗe tanki, warin tsohon fetur ya kusa kayar da ni. Ruwan kal na cika shi da shi, na zuba notuna ina girgizawa kwana da kwanaki kafin tsatsa ta saki.

Wahalar farko sukurori ne. Na lalata kan guda shida kafin wani tsohon bakanike ya duba ya yi dariya. Ashe sukurorin Japan na zamanin, ko da yake kansu gicciye ne, ba irin na Phillips ba ne, ma'auninsu daban, JIS ake ce masa, wasu har da ɗan ɗigo a kai don a gane su. Sukundireban da ya dace da su na saya, sai ga shi suna kwancewa kamar an roƙe su.

Amma inda na san an zo wurin shi ne kafireta. Huɗu ne a jere, kowace silinda da tata, kuma dole su ja iska daidai wa daida, in ba haka ba injin ya riƙa tari yana kakkarwa. Ni kuma, don gayu, na cire akwatin iskar da Honda ta sa, na maƙala ƙananan matatai huɗu masu ƙyalli irin na hotuna. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Babur ya tashi lafiya, amma da na murɗa wuta sai ya shaƙe, fulogi kuma ya fito fari fat. Sai canza jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, a gwada, a kwance, a sake. Sau tara na sauke kafiretocin nan, na ƙirga. Ga kuma fetur ɗin nan da tun 2021 aka ƙara masa sinadarin itanol har kashi 10 cikin ɗari, mai cinye tsofaffin robobi, dole sai mai tsadar, wanda itanol ɗinsa bai kai haka ba, nake sha. A daren sauka ta bakwai, yatsuna sun ƙage don sanyi, na tuna bakaniken unguwarmu da ke saita kafireta da kunne kawai, a gindin darbejiya, mai babur na tsaye a kansa yana cewa a yi sauri. Ni ga agogon awo huɗu a gabana, ga littafi, na kasa.

Bakanikan gida ma injin da suke dafawa kullum ɗan gidan su nawa ne. Honda ta fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashen da babur ke shan lodi ba ya samun juyen baƙin mai a kan kari, kuma shi kamfanonin Sin da dama suka kwaikwaya suka cika mana kasuwa.

Abu ɗaya ne har yau nake juyayinsa. Don mazaunin ya zauna, sai da na yanke wutsiyar firam, aka yi waldar wani ƙarfe mai lanƙwasa. Minti biyu aikin ya ɗauka. Babur ya shekara kusan hamsin da jikinsa cikakke, ni na zo na datse shi, kuma Honda ba ta ƙera wani. Masu adana tsofaffin babura a nan haushin irinmu suke ji, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Guntun da na yanke yana rataye a bango, na kasa jefarwa.

Makon jiya na fita da shi karon farko. Ƙarar salansa kamar ana yaga sabuwar shadda. Kafin in kai Ace Cafe wuyan hannu da ƙugu duk sun amsa, don ba a yi shi domin mai tumbi irina ba. Mil 100 kuwa ban nema ba, iyakar gudu a manyan titunan ƙasar nan 70 ne, ga kyamarori ko'ina.

Kawu, na isar da tambayarka ga mai ɗakin. Ta ce a gaishe ka, kuma ko da kujerar falo na ɗaura a baya, ita ba hawa za ta yi ba.

Naku,
ɗan uwanku a Landan