Notin siproket a mashin ɗin daji

Aikina gyaran babur ne a Agege. Yawancin abin da ke shigowa rumfata Bajaj Boxer ne na 'yan uwanmu masu acaɓa, amma tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a Yunin 2022, aiki ya ragu, sai na fara karɓar mashin ɗin daji, masu dogayen ƙafan nan da ake shiga yashi da su wajen Ibeju-Lekki da Epe. A kansu ne na ga irin ɓarnar da noti shida kacal ke yi, waɗanda ke riƙe siproket, wato farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya.

Wanda ya saba da Boxer ba ya saurin gane abin. A tayar bayan Boxer akwai roba tsakanin siproket da cibiyar taya, ita ke shanye fizgar sarƙa. Mashin ɗin tsere na daji ba shi da wannan robar. Siproket ɗin a jikin cibiyar aka ɗaure shi kai tsaye, cibiyar kuma alminiyam ce, ba ta kai ƙarfe tauri ba. Duk murɗa totur, duk dirar taya bayan tsalle, a kan notin nan yake ƙarewa. Da ɗaya ya ɗan saki, sai ƙusar ta fara wasa cikin raminta tana cin gefe, ramin da yake zagaye ya koma kamar ƙwai. Daga nan ko an ɗaure ba ya zama. Siproket ana samunsa, amma cibiyar irin wannan mashin sai ka karaɗe kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka dawo hannu rabbana, a ƙarshe sai an yi odarta daga waje, a kuma sake ɗinka tayar da sifok ɗaya bayan ɗaya.

Wani yaro ya kawo mini nasa yana cewa sarƙa ce ke ƙara. Na durƙusa na kama siproket da hannu biyu na girgiza, sai ga shi yana motsi. A gefen kan kowace ƙusa akwai baƙin gari mai laushi, garin alminiyam da ya gogu. Na ce masa, "Ɗana, ba sarƙa ba ce. Kashe shi, kada ka sake hawa."

Yadda nake ɗaurewa: in wanke ƙusa da noti da fetur su bushe ƙayau, don maganin riƙe noti ba ya kama giris. Ina sa Loctite, shuɗin 243 in ana yawan canja siproket. Jan kuwa sai da wuta yake kwancewa. Kan ƙusar riƙe shi ake yi da alanki, ɗan makullin nan mai shiga ramin kan ƙusa, notin baya shi ake juyawa. Mutane da yawa suna yin akasin haka, kan ƙusar ya cije a mazauninsa, su ɗauka ya ɗauru alhali bai kai ba. Kuma ba a bin su a jere, in ka ɗaure wannan sai ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren. Ƙarfin ɗauri yana cikin littafin mashin, na mashin ƙirar KTM alal misali 35 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin murɗa noti ne), shi ya sa na sayi sifana mai auna ƙarfi duk da tsadarta. Notin da aka kwance sau da yawa ya daina cizo, a sa sabo.

Nan Legas ga iskar teku mai gishiri, ga ruwan damina, tsatsa tana manne noti har ka ɗauka a ɗaure yake. Don haka ina ja wa kowanne layi da farin fenti daga noti zuwa jikin cibiya. In layin ya goce, noti ya juya. Sabon siproket kuwa, nakan roƙi mai shi ya dawo mini da mashin bayan fitar farko in sake bi da sifana, ba na karɓar ko kwabo a kan wannan.