Kafin ka sayi na'urar bonin faifai ta laftof

Laftof ɗin yanzu kusan duk babu wajen saka faifai a jikinsu. Tun 2008 da Apple suka fito da MacBook Air ba shi da shi, sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali saboda kowa siririya yake so mara nauyi. To amma mu faifai bai bar mu ba tukuna. Ka je asibiti a yi maka hoton CT ko MRI, sau da yawa a CD za a miƙo maka, ɗalibi ya gama furojet makarantu da dama har yau sai ya haɗa da kwafi a CD, ga bidiyon bikin yayyenmu, ga tafsirin azumi na shekarun baya da mutane suka tara a kwali. Shi ya sa nake ganin ya kamata mai laftof ya ajiye 'yar na'urar DVD ɗin nan da ake jonawa ta USB, mai karantawa kuma mai bonin, wato rubuta bayanai a kan faifai.

Babbar matsalarta wuta ce, kuma nan ne mutane ba sa lura. Mai shago zai nuna maka kwali an rubuta USB 3.0 ɓaro-ɓaro kamar wani gudu za ta ƙara, alhali siraran nan iyakarsu 8x a DVD, wajen megabayit 11 kenan a daƙiƙa, wanda ko USB 2.0 ya ɗauka ba wahala. Bambancin yana wajen wutar da ramin ke bayarwa, na 2.0 miliyamp 500 ne, na 3.0 kuma 900. Lokacin bonin injin da ke juya faifan da hasken da ke rubutun duk jan wuta suke, in ta gaza sai ka ji na'urar tana ƙas-ƙas, ta ɓace daga kwamfuta ta dawo, ko aikin ya tsaya a tsakiya, kuma DVD-R sau ɗaya ake rubuta shi don haka wannan faifan ya tashi aiki kenan. Saboda haka ka nemi mai waya mai kai biyu ka jona duka biyun, ko ka sa ta a ramin nan mai shuɗin ciki, kai tsaye a jikin laftof, kar ka bi ta abin rarraba USB. Laftof ɗin ma ya kasance a caji ko batirinsa cike.

Wajen saye ni LG ko ASUS ko Pioneer nake ba mutum shawara. Marasa sunan nan masu araha, da yawansu tsohuwar na'ura ce aka ciro daga matacciyar laftof aka sa mata sabuwar riga, wata ta yi aiki wata ba ta kai wata guda. Ka duba an rubuta DVD-RW, don akwai wadda karatu kawai take yi, akwai kuma mai karanta DVD amma CD kaɗai take bonin. In laftof ɗinka USB-C kawai gare shi ka tabbatar wayar ta dace. Kuma don Allah ka tafi da laftof ɗinka da faifai sabo a gwada a gabanka kafin ka ba da kuɗi.

CD megabayit 700 yake ɗauka ko minti 80 na sauti, DVD kuma gigabayit 4.7, kodayake Windows zai nuna maka 4.38, ba cutarka aka yi ba lissafin ne ya bambanta. Blu-ray na'urarsa daban ce, ta DVD ba ta karanta shi.

Da ka saka sabon faifai Windows zai tambaye ka ko ka yi amfani da shi kamar filash ko kuma don na'urar kallo. In wani za ka ba wa, zaɓi na biyun, domin shi ne ya fi buɗuwa a kowace na'ura. Karatun da za a saurara a tsohuwar rediyon mota kuwa, Audio CD za ka yi, ba zuba MP3 ba, sai dai in rediyon tana karanta MP3. Ni a 4x nake bonin DVD, sannan in sa manhajar ta sake bin faifan ta tabbatar komai ya shiga daidai, ImgBurn tana yin wannan kuma kyauta ce. Kallon fim ɗin DVD kuma sai ka sauke manhajar VLC, tun daga Windows 8 aka cire abin kunna shi.

Faifan da aka yi bonin ba ya son rana da zafi, kar a bar shi a gaban mota. A CD, bayanan suna dab da ƙarƙashin gefen da ake rubuta suna, biro mai tsini zai iya lalata su, alƙalamin maka mai laushi za ka sa. In ya yi ƙura ka goge da tsumma mai taushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Tsofaffin faifan gida kuwa, ranar da ka kawo na'urar ka fara kwashe su zuwa kwamfuta da hadis (hard disk) na waje, ka fara da waɗanda suka fi karcewa tun suna buɗuwa.